Takun Inna Bisa Ƙanƙara

Zuwa ga Inna, a Deule.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lahiya, ke da Baba da ƙanena Rabo. Yaya ƙafar taki? An gama yankan gero?

Mu nan Faransa lahiya lau, kada ki damu. Jikarki Mansura tana nan tana gasar da na gaya miki, rawa bisa ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe. Bara ta saka takun nan na kiɗan ƙwarya da kika koya mata a tsakar gida. Jama'a suka miƙe tsaye, ni kuwa na manta inda nike, na rangaɗa guɗa. Amma ta zo ta tara. Alƙalan nan, Inna, ƙirga ta fi yi musu yawa da kallo. Kowane juyi da makinsa, kowane taku da sunansa a takarda, naki kuma ba ya ciki.

Malamarta ta cire shi. Yanzu sai Mansura ta kama ƙafa ta kai bisa kai, ta yi ta juyawa, bakinta na ƙirga har takwas. Duk yaran haka suke yi, ba ki bambanta su. Bayanta na ciwo, amma an ce ba komai.

Makon jiya ta zo ta ɗaya. Ta dube ni tana jiran guɗa, sai na yi tafi kamar kowa.

Allah ya ja da ranki. Don Allah ki sa Rabo ya ɗauke ki a waya kina takun, ya aiko. Jiya na ce Mansura ta yi mini shi a ɗaki. Ta tsaya, ta dubi ƙafafunta, ta ce ta manta.

Ɗiyarki,
Aziza