Numfashin Irmtraud

Altenburg, ranar Talata

Aminina Ekkehard,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hildrun da jikoki. Ni dai gwiwa ta hana ni saukowa daga bene yau, tari kuma yana nan.

Na ji kamfanin faifan nan zai sake fitar da faifanmu na waƙoƙin ibada, wanda muka ɗauka a tsohuwar cocin ƙauye lokacin muna da ƙarfinmu. Ka tuna sanyin wurin? Tsirkiyar hanjin tumakin da ke gogenka sai saki take yi, kana ɗaurewa kana zagi a ɗakin Ubangiji. Duk don mu kaɗa da irin kayan da aka kaɗa shekara ɗari uku da suka wuce.

An ce za su wanke sautin da na'ura, su cire ƙarar kujeru da tari da numfashi. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ka san marigayiya matata Irmtraud takan ja numfashi kafin jagoran mawaƙa ya sauke hannu a fara waƙa, kullum tana rigan kowa. Jagoran ya yi faɗa har ya gaji. Muryarta ta narke cikin ta sauran mawaƙa, ba na iya ware ta. Amma gab da waƙar ƙarshe, wannan numfashin nata ne ita kaɗai. Faifaina kuwa ya cinye a daidai wurin, don yawan mayar da allurar garmaho.

Wiebke, wadda aka ba aikin, ɗalibarka ce. Ka roƙar mini ita.

Naka,
Volkmar

Altenburg, ranar Juma'a

Ekkehard,

Ina gaishe ku. Jikin da sauƙi, har na sha miyar dankali.

Na gode, Wiebke ta buga waya. Yarinya mai ladabi. Na yi ta bayani kamar tsohon malami, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba Volkmar, na'urar ba ta san numfashin wa take cirewa ba." Ta ce aikin ya yi nisa, amma za ta duba, kuma za ta zo Lahadi mu saurara tare. Na sa maƙwabciya ta sayo kek.

Naka,
Volkmar

Altenburg, ranar Lahadi

Ekkehard,

Da fatan kun yini lafiya. Ni ƙirji ya yi nauyi.

Jiya ɗan gidan waya ya kawo kwafin gwaji na sabon faifan. Ban iya jira ba, na sa. Gogenka ya fito tas, sai ka yi murna. Da aka zo waƙar ƙarshe, sai muryoyi suka tashi haka kawai daga cikin shiru, kamar ba mutane masu huhu ke rerawa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun rasuwarta, da yamma idan ina dafa shayi, nakan ji an ja numfashin nan a bayana. Sai in tsaya da buta a hannu, ina jiran waƙa ta fara. Ban taɓa jin tsoro ba. Jiya na tsaya har ruwan ya huce, ban ji komai ba. Yau ma haka.

Na ajiye kujera kusa da taga tun azahar. Fitilun titi sun kama. Wiebke ba ta zo ba.

Naka har kullum,
Volkmar