Mai Injin Hura Ganye Ashe Ɗan Gida Ne

Zuwa ga Yayata Ummi Kulsum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da Abban yara da Hajiyarmu. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙin ƙafar nan. Mu dai alhamdulillahi. Baban Muhsinat yana ta fama da lodin kwantena, ita kuma ta fitar da haƙora biyu, kome ta samu sai baki.

Kin tambaye ni tarin da ta yi ta fama da shi. Yaya, ya tafi, kuma yadda aka yi sai kin yi dariya. Tun da muka koma unguwar Dubai Investments Park, kullum ƙarfe bakwai na safe wani mai kula da shuke-shuke yake zuwa ƙarƙashin tagarmu goye da injin fetur, yana hure busassun ganye. Ƙararsa ta fi ta injin niƙan unguwarmu, kuma ko na rufe taga sai warin hayaƙin ya shigo. Likita ta ce hayaƙin da ƙurar suna tayar wa yarinyar da ƙirji. Wata Talata ta farka a firgice, ta yi tari har da amai. Na zura hijabi na sauka raina a ɓace. Na yi ta yi masa Turanci, fuskarsa a rufe da ƙyalle, bai ko waiwayo ba. Haushi ya sa na ce da Hausa, wannan mutum ko kurma ne? Ashe daidai lokacin ya kashe injin. Ya sauke ƙyallen ya ce, “Hajiya, saura kaɗan in zama.”

Kunya ta rufe ni, muka kama dariya. Sunansa Gwamna, mutumin Kafanchan ne, shekararsa uku yana goyon injin nan. Ya ce kunnensa ba ya daina ƙara ko ranar hutu, ga ƙirjinsa yana masa zafi. Ya sha gaya wa ogansa, aka ce ya yi haƙuri, amma yana ganin in mazauna gidan suka yi magana za a saurara. Sai na rubuta takarda, na bi ƙofa ƙofa da Muhsinat a baya. Indiyawa da 'yan Filifin da wata tsohuwa 'yar Sudan duk suka sa hannu, ashe kowa yana cike. Manajan ya ɗan ja mu mako uku, daga baya ya ce khalas, wato shi ke nan, aka kawo mai batir, kusa da tagogi kuma aka koma tsintsiya.

Lahadin da ta wuce Gwamna ya kawo mana matarsa Edith bayan sun taso daga coci, na yi musu tuwo da miyar kuka. Edith ta ja ni gefe ta ce a da har kuka take yi, tana zaton shariya yake mata in ta kira shi. Yanzu kira ɗaya yake amsawa.

Ki gaishe min da Hajiya, da Kawu Salmanu, da Maimunat da yaranta. In kin samu mai tahowa ki ƙaro mana daddawa, bakunan cin tuwo sun ƙaru. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Ramlat