Allurar Guzuri

Makoda, Litinin

Taubashina Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya jikin Kawu? Allah ya ƙara sauƙi. Ya Indiya, ka iya cin barkononsu ko har yanzu hawaye kake?

An ce ranar Alhamis za a yanki hantarka a dasa wa Kawu. Allah sarki Kawu, zai gaji ragwancin ɗansa da tsufansa.

To, bar wasa. Da ajami na rubuto, Fauziyya mai kemis za ta turo maka hoton. Ka tuna allurar ciwon dajin nan ta Kawu da ke tayar da sojojin jiki, wadda likitoci suka tsayar tun kafin damina? Ana jibi za ku tashi, kana kasuwar Dawanau, Inna Mairo ta gidanku ta sa na kai Kawu wani asibiti a Bacirawa aka ƙara masa ɗaya. Guzuri ce, in ji ta, maganin da ya karɓi mutum ba a yanke masa. Ta hana a faɗa, kada a ɗaga aikin.

Jiya a kemis Fauziyya ta ji labarin. Wai muddin allurar na jini, sojojin ba sa barci, kuma ba su san ɗa ba, ba su san baƙo ba. Hantarka za su far wa.

Ka gaya wa likita yau.

Tunkiyar Kawu ma ta canja. Mun ba ta marayan ɗan rago, mun shafe shi da nononta yadda aka saba. Ta shinshina shi, ta tunkuye shi har ya daina motsi.

Naka,
Dabo

Laraba

Kamaruddeen,

Sallama da gaisuwa, ya mai jiki?

Na ga amsarka, hoton fuska mai dariya. Na sani, ni ne na taɓa aiko maka cewa rumbunku ya kama wuta kana tsakiyar zance. Wannan ba irinsa ba ne, wallahi tallahi. Na kira, wayarka a kashe. Tambayi Kawu, ka dubi idonsa.

Tun hantsi Inna take share zaure. Ta aiko a ara mata tabarmi, duk na unguwa, wai na 'yan barka ne. An shimfiɗa su har waje, tsofaffi sun fara zama. Ni dai ban ba da tamu ba.

Ka gaida Kawu. Ka kunna waya.

Ɗan'uwanka,
Dabo