Abincin Tsohon Karen Madam

Zuwa ga Yaya Perlita,

Gaisuwa mai yawa daga Singafo. Ya jikin Inna, ƙafar ta daina kumburi? Ya su Nonoy da makaranta? Ni lafiyata lau, kada ki sa damuwa a ranki.

Kin tuna Bantay, tsohon karen Madam, uwar gidan da nake wa aiki? Kwanakin baya ya yi ta susa har gashin bayansa ya zube. Likitan dabbobi ya ce a raba shi da duk wani hatsi, a koma ba shi wani busasshen abinci na nama da kifi zalla. Madam ta ja min kunne, ta ce, “Editha, ko ƙwayar shinkafa ɗaya kada in gani a bakinsa.”

Da farko ya ƙi ci, sai da na zauna a ƙasa ina ba shi a tafin hannu, ina lallashinsa da yarenmu. Yanzu yana cinyewa tas, gashin ma ya fara tsirowa. Na yi murna, Allah ya sani.

Sai dai, Yaya, masu gidan wuni suke a waje, kuma da shi nake cin abincin rana, in kai loma in jefa masa loma. Yanzu kuwa rufe ƙofar kicin nake yi in ci, ina jin yana karce ta.

Don Allah ranar Lahadi, in kun zauna cin abinci, ki kira ni ki ajiye wayar a kan tebur. Ba sai kun yi min magana ba. Ƙarar cokulanku ma ta ishe ni.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanwarki,
Editha