Inna, Sada Mai Gangar Noma Ya Rasu

Zuwa ga mahaifiyata, Hajara ta Babban Duhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ki cikin rahamarSa. Ni ne Lawal, autanki. Ina nan Safana da iyali, ina ɗinkina a bakin kasuwa.

Inna, Sada ya rasu. Sada mai gangar noma. Da labarin ya iso ni sai na ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, na rasa wanda zan faɗa wa. Ke kika faɗo mini a rai.

Kin tuna gayyar da Baba ya kira a gonarmu ta bakin dutse? Samari sun jeru da garemani, Sada na bayansu da ganga a kafaɗa, yana kiran kowa da sunan kakansa. Kika iso da ƙwaryar fura a ka, sai ya juya kiɗan ya koma kanki, yana cewa Hajara ba ta dama fura don mutum ɗaya. Kika rufe fuska da mayafi, kika ce, "Bakin maroƙi ba shi da ƙyaure." Amma har kaka ta wuce, in kina daka, wannan baitin nake jin kina bi ƙasa-ƙasa.

Da sunansa ya yi nisa aka fara sa shi a rediyo, ba mai taɓa miki akwatin nan. Ko tuwo kike tuƙawa sai a kawo miki shi gindin murhu. Kina cewa, "Ku yi shiru, namu ne."

Ranar da muka rasa ki ya zo gaisuwa da ƙafa, ba ganga. Ya zauna kusa da Baba har la'asar.

Ba ki ga abin da ya biyo baya ba, Inna, kuma wani lokacin har godiya nake yi wa Allah da ba ki gani ba. 'Yan bindiga sun hana mu gonakin daji. Gonar bakin dutse ta koma sabara. Gidanmu ya watse, wasu Katsina, wasu Batsari, Yaya Rabi tana Yasore wajen dangin mijinta. Sada ma ya koma Batsari gidan 'yarsa. Waƙoƙinsa suna cikin wayar kowane ɗan acaba, amma shi ya rataye gangar. Masu neman kujera sun yi ta aike ya zo ya yi musu kiɗa, ya ce gangarsa ba ta san kowa ba sai mai garma.

Bara na gan shi a Batsari ranar kasuwa, a kan tabarma, idanunsa sun dushe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya shafa, ya ce, "Wannan hannun ya daɗe bai riƙe ƙota ba. Ɗan Hajara ne ko?" Sai ya shiga tambayata mutanen garinmu, gida-gida. Duk wanda na ce ya rasu, ko an tafi da shi, sai ya yi salati ya kira na gaba. Bai tsallake kowa ba.

A wajen jana'izarsa na ga fuskokin da na fid da ran sake gani. Maƙerin unguwarmu, su Malam Isa, har Fulanin da kike sayen nono a hannun matansu. Muka yi sahu ɗaya. Tun da muka watse, ranar ce kaɗai garinmu ya taru, kuma a maƙabartar wani gari. Da aka shafa fatiha ba wanda ya yi saurin tafiya. Hadari ya haɗo ta gabas, tsofaffi suka ɗaga kai suka dube shi, ba wanda ya yi zancen shuka.

Na yi kewarki, Innata. Ban san kukan wa na yi ba a ranar, nasa ko naki.

Allah Ya jiƙan Sada, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki sha daga Alkausara. Mu kuma Ya maida mu gonakinmu muna da sauran ƙarfi. Amin.

Ɗanki mai yi miki addu'a kullum,
Lawal