Abin da na karanta a saman soro, shi nake gani a jikin Baba

Mama Kausar, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya, don ƙawar da na fara gaya wa sai da ta riƙe ciki.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, a wani ƙauye na lardin Sharƙiyya. Saura kwana goma sha tara mu rubuta bayoloji, yau kuma kwana takwas ban buɗe littafin ba. Ba lalaci ba ne. Tsoronsa nake ji.

Ni karatu ba ya zama a kaina sai na faɗe shi da ƙarfi. Tun ina ƙarama haka nake. Bayan asuba sai in hau saman soro, in riƙa kai da komo tsakanin akurkin tattabaru da igiyar shanya, ina maimaitawa har ya zauna. Da muna babin tsirrai ba wanda ya kula ni. Da na shigo babin cututtuka ne kakata, Kaka Nabawiyya, ta fara ɗaga murya daga tsakar gida. Kin san halinmu, ba a kiran muguwar cuta da sunanta a cikin gida, sai dai a ce "waccan", a ja wuyan riga a tofa. Ni kuwa ga ni a bisa kan kowa ina jero su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ke 'yar nan, karatu kike ko gayya? Duk wanda aka kira sunansa sau uku ai sai ya waiwayo." Na ce mata jarrabawa ba ta san "waccan" ba. Na yi mata rashin kunya a ranar, ban ɓoye miki ba.

Na fara da tsargiya, yadda take fita daga jikin mutum ta shiga katantanwa a ƙorama, ta komo ta huda fatar mai ban ruwa, ta je ta tare a hanta. Kwana huɗu ina nanata wannan. A na biyar Baba ya ɗago kai daga kofin shayi, na ga farin idonsa ya koma ruwan ƙwai.

Na ce ko hasken taga ne. Na wuce shafin gaba, inda aka ce ciki yana tara ruwa, hannuwa suna ramewa. Kafin Juma'a ta zagayo Umma tana kwance masa ɗinkin jallabiya, tana tsokanarsa wai wakenta ya karɓe shi. Ba ta kalli damatsansa ba. Ni na kalla.

Sai babin ƙwayoyi. Malamarmu ta ƙara mana bayani a takardun bita, cewa hanta ce ke tace dafi daga jini, in ta gaza sai dafin ya hau kai. A makon ne na tsinci jajayen ƙwayoyi a aljihun Baba zan yi wanki, irin waɗanda mazan garinmu ke haɗiya kafin su shiga gonar shinkafa don kada su ji ciwon baya. A makon ne kuma ya fara kirana Zakiyya. Zakiyya ƙanwarsa ce, ta rasu tun ba a haife ni ba. Yana yini yana gyangyaɗi. In ya miƙa hannu zai karɓi gurasa sai hannun ya riƙa faɗuwa yana tashi kamar fiffiken kaza. Bakinsa yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Abin da ya sa na rubuto miki ya faru ranar Talata da rana tsaka. Aka neme shi a ci abinci, babu shi. Na bi hanyar gona. Gari ya yi tsit, ko kare ba ya haushi, ɓaunar da muke kiwo tana tsaye ta daina tuƙa. Na same shi cikin ƙorama, ruwa iya gwiwa, kainuwa ta kewaye shi, fuskarsa a sake kamar wanda ke jiran baƙo. Na kira shi, ya ɗaga mini yatsa ya ce, "Yi shiru, Zakiyya, ba ki ji ba? Har sau biyu ta kira, saura ɗaya." Na shiga na kamo hannunsa. Muna fitowa, bai ko dube ni ba, ya ce da wata murya a miƙe, "Idan hanta ta ƙanƙance, jini yana neman wata hanya." Mama, Baba aji uku ya yi a firamare. Wannan layi ne na ƙarshe a shafin da na tsaya, kuma zan iya rantsuwa a zuci na karanta shi.

Kaka ta ce Mai Kira ce, wadda ke zaune a ƙarƙashin ruwa tana kiran maza da sunansu, kuma ni na buɗe mata ƙofa da bakina. Ta kewaye gidan da turare da gishiri, ta naɗe littafin a tsumma ta ɗora a saman kabad. Umma kuwa ta daina haɗa ido da ni. Na yi maganar asibiti, Kaka ta ce likita ai sunan cutar zai faɗa, shi ne kira na uku. Shekarun baya da masu gwajin jini suka zo gari, saboda wannan tsoron ne Baba ya wuni a gona har suka tafi.

Ni da nake son zama likita, kunya nake ji in ce na yarda. Amma kafin Kaka ta karɓe littafin idona ya faɗa kan shafin gaba, na ga kalma biyu, aman jini. Ina tsoron in buɗe ya faru. Ina tsoron in bari ya faru duk da haka. Ni na jawo wa Baba wannan? In jira in gama jarrabawa kafin a kai shi asibiti kamar yadda kawuna ya ce, ko me zan yi?

'Yar Bakin Ƙorama

*

'Yata,

Ban yi dariya ba. Zan fara da abin da ba ya jira: a kai mahaifinki asibiti yau. Ba bayan jarrabawa ba, ba bayan Juma'a ba. Ni ba likita ba ce, ba zan sa wa ciwonsa suna daga nan ba, amma idon da ya canja, cikin da ya kumbura, ruɗewa da rawar hannu, in suka haɗu a jikin mutum guda, ba a kwana da su a gida. Ku nufi babban asibitin lardi, sashen gaggawa. Ki tafi da ƙwayoyin nan a cikin kwalinsu, likita ya gani, kada kuma a ƙara ba shi su ko wani jiƙo. Kafin ku tashi kada a bar shi shi kaɗai, ruwan iya gwiwa ya isa ya ci mutumin da ba ya cikin hayyacinsa.

Ba ke kika jawo ba. Ciwon hanta ba ya girma a mako uku, shekaru yake ɗauka yana aiki a ɓoye. Mutumin da ya tashi ƙafarsa cikin ƙorama, wataƙila ma ya shiga layin allurar tsargiya ta zamanin da, wadda ake yi wa yara da yawa da sirinji guda, ya ɗauko kayansa tun ba a san za a haife ki ba. Idon nan ya yiwu ya fi wata biyu da canjawa. Kowa a gidan yana kallonsa kullum, ke kaɗai aka koya wa abin da za ki duba. Layin da ya maimaita kuma, duk mai hadda da baki yana motsa leɓe bai sani ba, muryarki ta fi wata tana sauka a kan gadonsa kowace safiya. Kan da ya ruɗe yana furta abin da ya fi ji.

Kakarki kuwa, ki sassauta mata. Ta binne 'ya, ga ɗa yana zame mata, kuma a zamaninta duk wanda aka faɗa wa sunan cutarsa likkafani ke biyo baya, don babu magani. Yanzu da yawansu suna da magani. Ki ba ta haƙuri kan rashin kunyar, wannan bashinki ne. Kada ki tsaya jayayya da ita kan Mai Kira, ba za ki ci ba, lokaci kuma yana tafiya. Ta ci gaba da addu'arta da turarenta. Ki rubuta duk abin da kika gani a takarda, da ranakunsa, ki miƙa wa likita, ki roƙe shi ya yi bayani a waje. Ta haka ba wanda zai faɗi komai a gabanta. Ki ja Umma gefe ki gaya mata kai tsaye, ina zargin tsoro ne ya hana ta haɗa ido da ke, ba fushi ba. Kawunki ma ki nuna masa wannan amsar, shi zai nemo mota.

Littafin ki sauko da shi ki sa a jaka. Zaman jinya dogo ne, za ki samu lokacin bita a kan bencin asibiti, inda kowa ke kiran cuta da sunanta tun safe har yamma. Shafin da kike tsoro ba ya sa komai ya faru, amma abin da ke cikinsa yana iya zuwa ba sallama, kuma gara ya tarar da mahaifinki a gadon asibiti da ya tarar da shi a gona. Jarrabawa ana sake ta, 'yata. Ki tashi yanzu.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar kakarki, ya ba ki sa'a a takardarki.

Mama Kausar