Bencin Aurèle

Saint-Aubin, Oktoba

Zuwa ga Yayata Ghislaine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Yaya jikokin? Mu nan sanyi ya fara shigowa daga kogi.

Kin tambayi jikin mijina Aurèle. Jiki lafiya lau, kan ne yake ta tafiya, mantuwa sai ƙaruwa take yi. A gida yanzu "Madam" yake ce mini, yana yi mini godiya in na ba shi miyar wake, kamar baƙo. Wuri ɗaya ya rage da yake gane ni: cocinmu. Da mun zauna a bencinmu, ƙarƙashin tagar nan mai hoton masunta, sai ya kama hannuna ya tambaye ni ko na rufe kaji. Shi ya sa kullum da hantsi nake kai shi.

To, Yaya, za a kwashe bencunan. Kin san rufin yana yoyo, mu masu zuwa sujada kuma ba ma cika layi biyu. An kawo wata yarinya daga birnin Montréal, Maïka, mai zane da hasken fitilu, za ta mai da cocin wurin kallo don kada a rufe shi. Na tashi a taro na ce sam ban yarda ba. Limamin cocinmu, Fada Donatien, ya ce, "Réjeanne, ko dai fitilun ko kwaɗo a ƙofa. Zaɓar mini." Na koma na zauna.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Réjeanne

Saint-Aubin, Disamba

Yaya Ghislaine,

Ina gaishe ki da kyau. Safar da kika saƙa ta iso, na gode. Ki yafe mini shirun da na yi.

An kwashe bencunan, an rufe tagogin cocin da baƙin ƙyalle. Ranar da na fara kai Aurèle bayan haka, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam, sito kika kawo ni?" Na je na sami yarinyar nan Maïka a kan tsani, da niyyar in wanke ta tas. Sai ta sauko ta saurare ni har ƙarshe, ta sa aka dawo da bencinmu aka ajiye a gefe. Ya zauna a kai, yana kallona kamar mai jiran mota. Bai kama hannuna ba.

Makon jiya ta ce mu zo da rana, kafin masu kallo, ta kunna mana fitilun mu kaɗai. Yaya, da ma abin ba kyau, da na sami abin tsana. Bango ya zama ruwa, shuɗi yana gangarowa daga rufi har bagadi, kifaye na zinariya suna wucewa ta kan fuskokin waliyyai. Ni kaina na manta da numfashi.

Aurèle ya miƙe ya cire hula. Ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin ciwon. Ya miƙa hannu, na matso, sai ya wuce ni ya kama na Maïka. Ya ce, "Jeannou, kalli! Kalli, 'yar rigima!" Sunan da yake kirana da shi ke nan tun muna saurayi da budurwa. Yarinyar ta juyo ta dube ni, idonta ya ciko. Na gyaɗa mata kai. Suka zauna tare har aka gama, ni ina bayansu riƙe da kwat ɗinsa.

Tun ranar kullum muna zuwa. Yana cin abinci, yana barci, har aski ya yarda na yi masa. Amma bayan sabuwar shekara aikinta zai ƙare, za ta koma Montréal. Na rasa abin da zan roƙi Ubangiji, ta zauna ko ta tafi.

Ɗazu a hanyar gida, ina gyara masa mayafin wuya saboda dusar ƙanƙara, ya ce, "Madam, ke mutuniyar kirki ce. Gobe ma za ki kai ni wurin matata?"

Na ce masa to.

Ki gaida yaran. In gwiwar ta bar ki, ki zo, don Allah.

Taki har kullum,
Réjeanne